Sunan da Siune Ya Amsa

"Siune, ɗakin nan ya cika da yawa," in ji Filomina. "Mutum ɗaya ne zai riƙa zama da kai, sauran su riƙa shigowa bi da bi. Ba sai ka yi magana ba. Zan kira suna, wanda kake so sai ka yi mini alama."

Ina tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Na yunƙura zan ce ta dakata, amma ta riga ta sunkuya a kan gadon.

"Yayanka Umba?"

Ƙanena bai motsa ba. Idonsa a rufe, ƙyallen da aka naɗe masa muƙamuƙi da shi ya jiƙe ta gefen hagu.

"Baffa Gende?"

Shiru. Samarin ƙauyenmu da suka jeru a jikin bango suka daina tauna.

"Agata?"

Ya buɗe ido. Hannunsa, wanda ya koma ƙashi da fata, ya rarrafa a kan zanen gado har ya iske tsintsiyar hannun matarsa, ya damƙe ta da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba.

"To, shi ke nan, Agata ce," Filomina ta ce, tana murmushi. Ita kaɗai ta yi murmushi a ɗakin.

Baffa Gende, ƙanen mahaifinmu, ya miƙe a hankali. Ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya fita, ya tofar da jan yawu a kan furannin sistocin coci.

"Kun dai gani da idonku," ya ce.

* * *

A wajenmu, a tsaunukan Simbu, tsoho ne kaɗai ke mutuwa haka kawai. Idan mutum yana da sauran ƙarfinsa, da gonar gahawa da aladu, ya kwanta ya kasa tashi, to wani ne ya cinye shi. Hanyar gane mai laifin kuwa tsohuwa ce: a tsaya a kan mara lafiya a yi ta kiran sunaye, wanda ya motsa a kan sunansa, shi ne. Abin da ke biyo baya, bayan an binne gawa, kowa ya sani. Samari su sha su bugu, a sa ƙarfe a wuta don ƙona wanda aka nuna.

Agata ba 'yar ƙauyenmu ba ce, daga hayin kogi aka auro ta. 'Yan'uwanta maza sun ƙare. 'Ya ɗaya ta haifa, ita ma tana aure can nesa. Duk wanda ya san garinmu, ya san irin macen da ake nunawa ke nan.

Na tarar da Filomina a ɗan ofishinta, a ƙarshen barandar gidan da sistocin coci suka buɗe don waɗanda likita ya sallama. Ita ba likita ba ce, ba nas ba ce, ba ta allura. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ake ce mata. Aikinta mutanen da ke kewaye da gado: wa zai yi jinya, wa zai ɗauki gawa, ɗan wa zai bar makaranta. Da farko na ɗauke ta mai cin albashin surutu. Sai da na ga ita ta nemo wa Siune gado, ita ta bi ta kan maganin kashe zafi har ya iso, sannan na rage raini. Mutuniyar tsibiri ce, daga Manus, ba ta daɗe da hawowa tsaunuka ba.

"Kin san abin da kika yi?" na ce.

Na faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Ta ɗora hannu a baki.

"Na san ana zargin mata a nan. Amma wannan na kiran suna ban taɓa ji ba. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa ke faɗin abin da kowa ya sani?"

"Kai fa, Umba? Ka yarda ita ce?"

"Ni direba ne. Idan birki ya tsinke, birki ne ya tsinke. Ban ce miki babu maita a duniya ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne matar nan tana wanke ruɓar bakin ƙanena da hannunta, ni da muka sha nono ɗaya ba na iya daɗewa a ɗakin saboda wari."

Ta goge ido, ta gyara zama. "Nas ta ce ba zai kai Lahadi ba. Ni na ɓata, ni zan fara gyarawa. Tara mini su gobe."

* * *

Muka taru a gindin bishiyar fiya. Ta kawo shayi da burodi, ta kawo hoton da likitan birnin Lae ya ɗauka. Ta ɗaga shi a rana, ta nuna inda cutar daji ta cinye ƙashin muƙamuƙi. Ta ce buwai ne ya jawo ta, ƙwallon nan da muke taunawa da farar ƙasa tun muna yara. Ta ce a gidan nan kaɗai ta ga irinsa ba iyaka, maza da mata. Sannan ta ce kiran sunan da ta yi jiya ba irin namu ba ne, tambaya ce ta mai jinya, kuskurenta ne, a yafe mata.

Baffa Gende ya saurare ta har ta gama. Ba mugun mutum ba ne, kada a ce na ce. Shi ya goya Siune a wuya lokacin da mahaifinmu ya rasu, shi ya ba da manyan aladun sadakin aurensa.

"'Yata, kin yi magana mai kyau," ya ce. "Mun yarda cutar daji ce, ai ba jahilai ba ne mu." Ya wage baki ya nuna mata haƙoransa baƙaƙe ƙirin. "Duba nan. Tun ba a haifi uwarki ba nake cin buwai. Umba na ci. Bomai ɗana na ci. Har fada yana ci a ɓoye bayan coci."

Samari suka kwashe da dariya.

"To gaya mini, wa ya nuna wa cutar ƙofar ɗakin Siune ta tsallake namu?"

"Ba wanda ya nuna mata, Baffa. Haka take, ta kama wani ta bar wani."

"Haka take," ya maimaita, yana gyaɗa kai kamar yana lallashin yarinya.

"To mu tambaye shi," in ji ta. "Bakinsa ne ya lalace, hankalinsa na nan."

Muka ɗunguma ɗakin. Ta durƙusa. "Siune, Agata ta cuce ka?"

Ya girgiza kai. Ya sake girgizawa har ƙyallen ya zame, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"Tana tsaye a kansa, me kike so ya ce?" in ji Bomai.

Aka fitar da Agata, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Filomina ta sake tambaya, ya sake girgiza kai.

"Jikinta ne ya fita," Baffa ya ce a hankali. Shi ma kuka yake yi. "Abin da ke cikinta yana nan a kan ƙirjinsa. Jiya ya yi gaskiya, da ba ta shirya ba."

Na dubi Bomai. Shi ba kuka yake ba. Gonar gahawar Siune tana iyaka da tasa, kuma 'ya'yan gahawar sun fara nuna.

Da suka watse, Filomina ta ce da ni, "Na sanar da 'yan sanda."

"Ƙauyenmu yana kan dutse, hanya ta lalace. Kafin su hau an gama."

"Na sani. Shi ya sa nake tambayarka, yaushe motarka za ta gangara Lae?"

* * *

Agata tana bayan ginin tana dama dankali a tukunya, tana tacewa har ya zama kamar ruwa. Ita kaɗai ta iya ba shi. Akwai wani ɗan lungu a gefen bakinsa na dama inda cokali ke shiga ba zafi. Nas ma ta gwada ta kasa.

"Tambu," na ce. Haka muke kiran juna, don mutum ba ya kama sunan matar ɗan'uwansa a gabanta. "Kin ji abin da ake ciki."

"Ina da kunne, tambu."

Filomina ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ce akwai wani gida a Lae da ke karɓar mata irinta, ta yi magana da su, sun ce ta zo. Amma sai an tafi Siune yana da rai, don daga lokacin da aka fara kukan mutuwa ba za a bar ta ta kai ƙofa ba.

"Idan na tafi za su ce na gudu don ni ce."

"Sun riga sun ce ke ce," na ce. "Zamanki ba zai canja ba, sai dai ya ba su naman ƙonawa."

Filomina ta harare ni. Ban janye ba.

Agata ta ci gaba da tacewa. "Wa zai ba shi abinci? Kai, da ke toshe hanci? Kun ga mutumin can? Ranar da aka kai ni gidansa ina kuka, ya ce in yi shiru, shi ma tsoro yake ji. Yanzu ma tsoro yake ji. In bar shi ya mutu a hannun baƙi don in tsira da wannan tsohuwar fatar?"

"Ba zan tilasta miki ba," in ji Filomina. "Ba ni da wannan ikon, kuma ba na so. Amma akwai mutum ɗaya da ba a gaya wa ba, alhali maganarsa ce. Ki bar ni in gaya masa gaskiya."

"Za ki kashe shi da baƙin ciki."

"Ya ji komai ɗazu, Agata. Yana kwance da shi shi kaɗai."

Muka shiga mu uku, aka rufe ƙofa. Da Agata ta zauna, hannun ya nemo tsintsiyar hannunta kamar kullum. Filomina ba ta yi masa ado ba. Ta ce lokacinsa ya kusa, ya lumshe ido alamar ya sani. Ta ce idan Agata ta zauna har ƙarshe, ya san abin da za a yi mata. Idan ta tafi gobe, ba zai sake ganinta ba. Ta ce ita za ta koyi ba shi abincin, kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba.

Ya daɗe yana kallon rufi. Ana jin numfashinsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ni dai bango na juya ina kallo. Da na waiwayo, yatsunsa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ya saki. Ya lalubo igiyar jakar saƙarta da ke rataye a jikin gadon, ya tura mata ita a cinya.

"Kai ma kora ta kake yi?" ta ce, tana son ta yi dariya. Ya ɗan ɗaga gira, irin yadda yake yi idan ya ci ta a gardama.

Sauran yinin ranar Agata ta ƙare shi tana nuna wa Filomina inda cokali ke shiga.

* * *

Washegari da hantsi Filomina ta tara Baffa da samarin a ofis, wai a tsara akwatin gawa da motar da za ta kai shi gida. Ba ƙarya ta yi ba, aikinta ne, kuma Baffa ba ya wasa da maganar binnewa. Suna can suna gardamar katako, Agata ta bi ta lambun sistoci ta ɓullo bakin titi, inda na tsaya da bas cike da mata 'yan kasuwa masu kai kabeji da karas Lae.

Ban yi wa matan bayani ba. Sun dubi fuskarta, sun dubi tawa. Wata ƙatuwa mai suna Mama Kiak ta matsa, ta zaunar da ita a lungun baya, ta yafa mata tawul a ka, ta ɗora mata buhu a cinya.

Sai a gada na lura ban ga Bomai a cikin masu shiga ofis ba. Ga shi zaune a kan ƙarfen gadar da abokansa, adda a gefe. Ya ɗaga hannu.

"Yaya Umba! Ƙanenka na kwance kana neman kuɗi?"

"Kai za ka sayi akwatin? Da wace sana'ar, zaman gada?"

Abokansa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya zagayo ya leƙa ta taga, yana bin kujeru da ido. Ina kallonsa ta madubi. Ya kai layin baya.

"Wace ce wannan a rufe?"

"Kishiyar uwarka ce!" Mama Kiak ta daka masa tsawa. "Ƙanwata ce, amai take yi tun daga tasha. Zo ka buɗe ta yi maka a fuska, ko ka sami abin karyawa. Direba, kabejina na yaushi a rana, ka tsaya hira da 'yan zaman banza?"

Mata suka ɗauka gaba ɗaya, kowace da nata zagin. Bomai ya ja da baya yana ɗaga hannu.

"Ba ni buwai ɗaya, Yaya."

Na miƙa masa, na ja mota. Muka wuce garin Goroka. Can da muka fara gangara kwari zafi ya taso, Mama Kiak ta yaye tawul ɗin ta ce, "Sha iska, 'yar'uwa."

* * *

Na dawo na tarar ana ta cacar baki a baranda. Baffa ya tsare Filomina yana tambayar inda Agata take.

"Na san inda take, Baffa, kuma ba zan faɗa ba," ta ce. "Ga ɗanka can yana buƙatarka. Ka shiga ka zauna da shi."

Ya dube ni. Na dube shi. Bai tambaye ni ba, don idan na amsa dole ya yi wani abu a kai, ni kuwa ni ne mai motar da za ta ɗauki gawa.

Siune ya rasu ranar Asabar da rana tsaka. Tun safe hannunsa ke yawo a kan zane, yana lalube. Na ba shi nawa, ya taɓa gashin da kaushin, ya saki. Filomina ta cire agogonta, ta ajiye tsintsiyar hannunta a inda zai same ta. Ya kama. Ban sani ba ko ya gane ba ita ba ce. Ina jin ya gane. Bai saki ba dai har nas ta zo ta rufe masa ido.

Muka kai shi gida. Mata suka shafe fuska da yumɓu, alamar makoki a wajenmu, aka yi ta kuka kwana da kwanaki. Da aka binne, samarin suka sha, suka rasa wadda za su kama, suka cinna wa ɗakin girkin Agata wuta. Aladunta aka yanka wa baƙi. A wajen makoki kowa cewa yake ai gudunta ya nuna. Kafin wata ya mutu Bomai ya fara tsinkar gahawa.

* * *

Ban sake ganin Agata ba sai bayan damina, a bakin kasuwar Lae. Gidan da ya karɓe ta ya riƙe ta iya ƙarfinsa, sannan wasu matan suka zo da ƙuna a jiki, aka buƙaci gadon. Filomina ta sa an nemo mata ɗaki a bayan wata coci da ɗan jari.

Tana zaune a ƙasa cikin rana, ta shimfiɗa buhu. A goshinta akwai busasshen yumɓu, fari, ba irin na garinmu ba. Ita kaɗai ke makokinta a cikin kasuwa, mutane na tsallake ta.

"Tambu."

"Tambu, kai ne? Ka rame. Matarka ta daina dafa maka ne?"

Na tsuguna. Ta tambayi inda aka sa shi, na ce kusa da mahaifinmu, a saman gona. Ta tambaya ko ya ci abinci bayan tafiyarta, na ce ya ci. Ta tambaya ko ya neme ta. Na ce Filomina tana riƙe da shi. Ta gyaɗa kai.

Ta juya hannunta ta nuna mini. "Shatin yatsunsa ya daɗe a nan. Kullum sai na duba. Yanzu ya tafi."

Sai a lokacin na dubi abin da ke kan buhun. Buwai ne, an kasa shi ƙanana-ƙanana, ga kwalbar farar ƙasa a gefe.

"Shi kaɗai ake saye kullum," ta ce, ba ta dube ni ba.

Kwandastan motata ya fara ƙwala kiran fasinjojin Goroka da Kundiawa. Na miƙe. Ta zaɓi mafi girma a cikin kashin, ta goge shi da bakin zanenta, ta danƙa mini, don ba a barin tambu ya tafi hannu wofi. Na sa a aljihun riga. Har muka hau tsaunuka ina jin sa yana taɓa ƙirjina a duk ramin da mota ta faɗa.